Lemon Garin Malam

Na sauka Damagaram da keken ɗinki a ka,
naira fal aljihu, ina tafe kamar wani.
Ɗan canji ya ƙirga, ya lashi yatsa, ya sake,
ya miƙo mini sefa 'yar siririya
wadda ba ta kai kaurin almakashina ba.

Daga Gumel zuwa nan ko yini ba a yi,
harshe ɗaya, alƙibla ɗaya,
amma da na ce ɗakin haya nake nema
sai aka ce: nemi Tankari.

Yana gindin bedi, bayan Kasuwar Dole,
waya biyu, makullai kamar na ganduroba.
Bai tambayi sunana ba, takalmina ya duba.
"Ɗan Nijeriya? Kuɗin ƙafa tukuna,
ƙafa ba ta tafiya da yawun baki."

Kabu-kabu biyu, duka ni ke biya.

Na farko a Birni, bango ya tsage har sama.
"Wannan? Iska ce ke shigowa, kuma kyauta."
Na biyu a Karkada, jingine da dutse,
dutsen da ke shan rana tun hantsi
ya amayo ta cikin ɗaki da dare.
"Kai da sayen bargo har abada."

Na uku a Garin Malam, da famfo a tsakar gida.
Na murɗa, ya yi tari irin na tsoho,
ya yi shiru.
"Yana zuwa," in ji Tankari, "wajen ukun dare,
ran da ya ga dama.
Ruwa a garin nan suruki ne, ba a yi masa gaggawa."

Nawa?
"Jika goma sha biyar."
Na ji abin da sauƙi a kunne,
na buga a waya, na juya shi naira,
murmushina ya koma inda ya fito.
Abansi wata uku, ajiya wata biyu,
la'adarsa wata guda cur,
ga takarda da Faransanci
na sa hannu kamar mai shafa bango cikin duhu.

Na ce ina son ganin mai gida.
Ya yi dariya har makullai suka taya shi.
"Shitu? Yana Tamanrasset, shekara tara.
Ko ƙofar nan bai taɓa taɓawa ba.
Ni na saya masa, hoto nake turawa."

Nan take wayar ta yi ƙara, muryar Shitu ce,
ta gaji, da ƙarar injin kwaɓa siminti a bayanta.
Ya ce shi ma can haya yake, su shida a ɗaki,
dillalin can ya ci masa ajiya sau biyu.
Sannan ya sassauta murya:
"Baƙo, lemon da na aiko kuɗi a dasa,
ya fara 'ya'ya?"

Na dubi tsakar gida.
Yashi, tsohuwar taya, kashin awaki.
Tankari ya taka mini ƙafa a hankali,
ƙafar da ban karɓi kuɗinta ba.

Na ce, "Yana nan tafe."

Yau wata huɗu. Keke na kuka har isha,
mata sun fara cewa ɗinkin ɗan Gumel ya faɗa.
Famfo ya zo sau bakwai, ina ƙirge.
Jarka biyu nake saya wurin ga-ruwa,
ɗaya da rabi nawa,
rabin na wani ɗan tsiro bayan ƙofa
da na kewaye da ƙaya saboda awakin maƙwabta.

Jiya Tankari ya zo karɓar haya,
ya tsaya kansa, ya daɗe,
ya ciro wayarsa mai kyau, ya ɗauki hoto.
Ban hana shi ba.
Na dai ce ya tsugunna,
don ya fi tsawo a idon mai gida.